Shekarar Ankon Uwa da 'Ya

Yayin hoton uwa da 'ya ya daɗe da shigowa Jikwoyi kafin in san ya shigo. Yayi a Abuja daga cikin gari yake tasowa, ya biyo titin Nyanya a cikin wayoyin yara, kafin ka ankara ya zauna maka a tabarma. Mun ga na wani ƙaton kofin ruwa mai hannu, wanda kowace yarinya ke yawo da shi a rungume. Mun ga na takalmin roba mai huji-huji. Duk ban ɗaga kai ba, na san za su wuce. Wannan ɗin ne ya same ni har cikin ɗaki.

Yadda ake yin sa, uwa da 'yarta za su sayi atamfa iri ɗaya, a yi musu ɗinki iri ɗaya har ɗaurin ɗankwali, su tafi situdiyo. Situdiyon ma ba wani abu ba ne, ɗan shago ne aka rataya wa farin yadi a bango, ga kujera mai ruwan zinare, ga fulawar roba, ga wata fitila zagayayya kamar faifai. 'Yar ta durƙusa ta ɗora kai a cinyar uwar, ko ta zagayo ta baya ta rungume wuyanta, kunci a jikin kunci. Daga nan sai a sa a sitatus, a rubuta wata magana mai daɗi a ƙasa.

To ni 'yata ta fari ake magana. A garinmu, can ƙasar Katsina, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Haka na tashi na gani. Har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba, alhali kowa a gidan ya san shi ne ranta. Da na yaye yarinyar, kakarta ta ɗauke ta. Ba ta dawo hannuna ba sai da ta isa shiga firamare, lokacin mun riga mun tare a Jikwoyi, Malam, maigidana, ya samu rumfar hatsi a kasuwar Nyanya. Ta dawo tana ce min Yaya, yadda ta ji ƙannena suna kirana, kuma bakin ya zauna a haka. Ƙannenta suna ce min Umma. Ni ina ce mata "ke". Idan zan yi maganarta da wani sai in ce "babbar".

Ban taɓa jin akwai abin da ya rage a tsakaninmu ba. Na san tana son ƙanzon shinkafa, nakan bar mata shi a tukunya ba tare da na ce komai ba. Idan zazzaɓi ya kama ta nakan zauna a bakin katifarta ina tsintar wake, wai aiki ne ya zaunar da ni. A ganina ta san duk wannan.

Gidan da muke haya tsakar gida ɗaya ce, ɗakuna a jere, famfo ɗaya. Ƙofar da ke kallon tamu ta Maman 'yan biyu ce, mutuniyar kudancin Kaduna, tela ce, shagonta yana bakin layinmu. 'Ya'yanta duk maza. Mace ce mai hannu sake, mai dariya da dukan jiki. Tun ranar da muka tare take kirana Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Idan Kirsimeti ta zo takan aiko mana da shinkafa da kajin da Malam ya yanka mata da hannunsa, idan Sallah ta zo in aika mata da tuwo da cinya. Mun zauna lafiya, ba na ɓoye wannan. Babbar ta saba da shagonta tun tana ƙarama, tana tsince mata ƙyallaye, har ta iya sa maɓalli. Tana ce mata Mami. Ita kuwa takan kira sunan yarinyar daga bakin layi har cikin gida, da ƙarfi, ta ja shi kamar waƙa.

Wata ranar Asabar da hantsi ina bakin ƙofa ina gyaran zogale, babbar ta shigo da leda. Lokacin tana shekarar ƙarshe a makarantar gaba da sakandare, ranar haihuwarta kuma ta matso, abin da yara suka mayar kamar ƙaramar Sallah. Ta durƙusa kusa da ni ta zaro atamfa turmi biyu, ruwan ganye da ɗigo-ɗigon ruwan goro.

"Yaya, kin ga wannan?"

"Na gani. Ta yi kyau. Ta wace ce?"

"Tamu ce. Ni da ke."

Na ci gaba da tsinke ganyena. Mata biyu suna bakin famfo suna wanki, na ga ɗaya ta daina cuɗa.

"Ni da ke? Anko za mu yi kamar ƙawayen amarya?"

"Hoto kawai za mu ɗauka. Kowa yana yi."

"Ki tafi da ƙanwarki mana."

"Ba na 'yan'uwa ba ne, Yaya. Na uwa ne."

Sai na yi dariya, saboda matan nan. Na ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri. Da girmana zan je in zauna kina rungume ni, duniya tana kallo?"

Ta ɗan tsaya tana shafa gefen atamfar da yatsa. Sannan ta ce "To", ta naɗe ta mayar leda.

Ni a raina magana ba ta ƙare ba, farawa ma ta yi. A wurinmu abin da kake so ba ka karɓarsa a tayin farko. Za ka ƙi, a sake yi maka tayi ka ƙi, sai a turo wani babba ya ce don Allah, sannan ka karɓa kamar an tilasta maka. Ko abinci aka ba ka a gidan surukai haka ake yi. Har na tsara abin da zan ce idan ta turo babanta: zan ce to, tunda kun matsa, amma ba za a rungume ni ba. Har na fara tunanin wane ɗan kunne zan sa. Na manta cewa yarinyar nan a Abuja ta yi wayo, inda a'a take nufin a'a.

Ba ta sake tayi ba. Wadda ta zo ita ce Maman 'yan biyu, da tef ɗin awo a wuya, ta tsaya a ƙofata.

"Hajiya, yarinyanki ya ce ba ki son hoto. Ya ce wai ni in shiga. Na ce sai na tambaye ki tukuna, kar ya zama na yi shisshigi."

Me zan ce? Abin da ake cewa na ce.

"Haba, Maman 'yan biyu, ai 'yarki ce. Har sai kin tambaya?"

"Kin tabbata? Ni fa ba ni da mace, idan kin ba ni aro ba zan dawo da shi ba."

Ta yi dariyarta, na taya ta. Ta juya ta tafi tana kiran sunan yarinyar.

A makon nan Maman 'yan biyu ta dawo da keken ɗinkinta gida saboda ana gyaran rufin shagon. Daga ɗakina ina jin ƙarar keken, kuma na san wane yadi ne a ƙarƙashin allurar. Turmin da aka sayo da sunana ne ake yankawa daidai ƙugun wata. Ni mutum ce mai haƙuri, kowa ya shaide ni da wannan, amma ranar na gano haƙurina na abin da aka yi min ne. Ban san yadda ake haƙuri da abin da na miƙa da hannuna ba.

Ranar hoton suka fito tare. Ba zan yi ƙarya ba, sun yi kyau. Babbar ce ta ɗaura mata ɗankwali irin namu, ya zauna mata kamar da shi aka haife ta. Duk tsakar gidan aka fito ana tafi. Maman 'yan biyu ta juya a gabana ta ce, "Hajiya, yaya? Na yi kama da uwan amarya?" Na ce ta yi. Babbar ta ce, "Yaya, mun tafi." Na ce a dawo lafiya, idona a kan tukunya.

Shekara uku na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, a wata firamare da ke bayan layinmu. Da hannuna nake rubuta wannan, kuma ina alfahari da hakan. Amma ranar da na buɗe wayata na ga sitatus ɗin babbar, na so a ce ban iya haɗa baƙi ba. Da hoto kawai zan gani. Ga ta ta zagayo ta baya, hannuwanta a wuyan matar, ta rufe ido tana dariya har ana ganin wushiryarta. Ban taɓa ganin wannan dariyar daga kusa ba. A ƙasa ta rubuta, "Ni da Mamina, Allah ya bar mu tare." Na bi shi harafi-harafi yadda malama ta koya mana, na sake bi, ko zan ga na yi kuskure. Ban yi ba.

Na ce a raina sitatus kwana ɗaya yake yi ya ɓace. Ashe mai hoton ya wanke musu babba, an sa a firem. Maman 'yan biyu ta rataya shi a shagonta, daidai inda mai wucewa zai gani, don ya zama tallar ɗinki. Kuma ya yi tallar. Mata suka riƙa zuwa da 'ya'yansu suna nuna shi da yatsa, suna cewa irin wannan muke so. Layinmu kuwa hanya ɗaya gare shi, ko gishiri zan saya sai na bi ta gaban shagon.

Wata rana na tsaya gaisawa, sai wata baƙuwa da ta kawo ɗinki ta ɗaga kai ta kalli hoton.

"Madam, wannan 'yarki ce? Kamar an tsaga kara. Ga hancin nan iri ɗaya."

Maman 'yan biyu tana da allura a baki. Kafin ta cire ta yi magana, matar ta riga ta koma kan zancen hannun rigarta. Ni kuwa ina tsaye da hancin a fuskata, wanda na gada wurin mahaifina na ba yarinyar. Ba wanda ya kalle shi. Na ce a gaida gida, na wuce. Sai da na kai bakin titi na tuna ban san abin da na fito saya ba.

Daga nan na fara ganin abubuwan da da ba na gani. Idan babbar ta dawo daga makaranta, shagon take fara tsayawa, sai ta gama ba da labari a can sannan ta shigo ta ce min "Sannu da gida". Haka take yi tun da can, amma yanzu sai na riƙa jin tsawon tsayuwar. Idan na jiyo su suna dariya sai in rage wutar risho don in ji abin da ake cewa. Ɗinkin Sallar yara na kwashe na kai wa wani tela a Nyanya, na ce wai Maman 'yan biyu aiki ya yi mata yawa. Ya ɗinke wa autana wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ita ce dai ta farke ta gyara, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce kawai, "Wannan telan, Allah ya shirye shi."

Malam ya lura. Shi mutum ne mai tsokana a hankali. Yana cin tuwo ya ce, "Na biyo ta gaban shagon maƙwabciya. An ce hoton can har daga Lugbe ake zuwa kallonsa."

Na ce, "Allah ya ƙara kasuwa."

"Amin. Miyar nan dai yau ta ji barkono. Ko da wani aka yi faɗa?"

"Ba wanda aka yi faɗa da shi."

"To ai shi ne. Ke aka fara kawo wa, kika ce a ba ki wuri. An ba ki wuri kuma kin hana mu shan miya."

"Sau ɗaya ta tambaya, Malam."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko ya dube ni. Ya ce, "Sau ɗaya suke tambaya yanzu. Ni ma a rumfa, idan na ce wa yaro albarka, ba ya ƙara ko sisi, gaba yake yi."

A ajinmu ma zancen ya taso, ba ni na tayar ba. Wata 'yar Zariya da muke zama benci ɗaya ta zo tana nuna nata hoton da 'yarta ta fari, ta ce ita ta ajiye kunyar nan tun a tashar mota ranar da ta zo Abuja. Wata dattijuwa ta ce wannan rashin ta-ido ne, gobe sai a ce uwa ta yi rawa da suruki. Aka yi ta musu har malama ta buga tebur. Ni ban sa baki ba. Ina ganin gaskiyar dattijuwar, amma hoton 'yar Zariyar nake ta leƙe.

Haka aka ci watanni. Damina ta wuce, hoton ya fara dusashewa ta gefen da rana ke dukansa, ni kuwa bai dusashe min ba. Sai sunan babbar ya fito za ta bautar ƙasa, can kudu, garin da ko sunansa ban iya faɗa daidai ba. Aka shiga haɗa kaya. Wata rana ta bar wayarta a kan buhun garin da nake ɗaura mata, wani ya kira, fuskar wayar ta kawo haske. Hoton nan ne a kai. Na tsaya da igiya a hannu. Yarinyar nan za ta yi shekara a cikin mutanen da ba su san mu ba. Duk wanda ya ce mata ina mahaifiyarki, abin da za ta nuna ke nan. Na bincika a raina ko akwai wani hoto, ko na suna ko na Sallah, da muka taɓa fitowa ni da ita. Babu. Kullum idan za a ɗauka nakan matsa can ƙarshe, ko in ce ina da aiki a madafa.

Washegari na shiga kasuwar Nyanya, ban biya ta rumfar Malam ba. Na sayi atamfa turmi biyu, shuɗiya mai zanen ganye. Na yi niyyar kai wa wani telan, sai na tuna wandon auta. Na dawo na tsaya a ƙofar shagon Maman 'yan biyu, ƙarƙashin hoton, na ajiye ledar a kan teburinta.

Ta buɗe, ta dube ni, ta sake duban atamfar.

"Hajiya, biyu?"

"Biyu. Kina da awonta ai."

Na zaci za ta yi dariyar nan tata har layi ya ji. Ba ta yi ba. Ta jawo min kujera ta ce in zauna.

"Zan ɗinka. Amma in gaya miki gaskiya, an daina wannan fa. Tun Ista ba wanda ya kawo min. Yanzu farin riga ne da wandon jins, uwa da 'ya, kuma bidiyo suke yi, ba hoto ba. Za ki sa jins?"

"Allah ya kiyaye."

"Na sani. Tashi in auna ki."

Tana zagaya tef a kafaɗata na ce, a hankali, ko za ta gaya wa yarinyar. Ta tsaya.

"A'a. Wannan kam ba zan yi ba. Ni na ɗinka, ke ki faɗa. Hajiya, kin san abin da ya ce min ranar da muka je? Muna cikin keke napep sai ya ce, Mami, ko dai Yaya tana jin kunyar a ce ita ta haife ni? Na ce kai, rufe bakinka. Amma ni ba uwansa ba ne, maganata ba zai shiga inda naki zai shiga ba."

Ta gama awo ta rubuta a jikin yadin da alli. Abin da ya fi ci min rai, har da wannan maganar ma ita aka gaya wa.

Da ɗinkin ya fito na shimfiɗa rigunan a kan gado na kira babbar. Na ce, "Ke, zo ki gwada wannan." Ta shigo ta ga biyu ne. Ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga ɗayar.

"Yaya, ai an daina yayin wannan."

"Na ji."

"Kuma ba sai kin takura kanki ba. Na san ba kya so."

Ta ajiye ta fita. Na zauna a bakin gadon, zuciyata tana cewa shi ke nan, kin yi naki. Har na fara naɗe rigunan. Sai na ga ashe abin da na jira daga gare ta ne yanzu yake hannuna, kuma ba wani babba da zan tura. Da safe tana shara na fito na tsaya a kanta, matan famfo suna nan kamar kullum.

"Jiya na yi miki magana kin ƙi. Yau ma na sake. Ina so mu je."

Tsintsiyar ta tsaya. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Yaushe?"

"Idan kin gama sharar."

Situdiyon ya canja. An ture kujerar zinaren can lungu an ɗora mata kwalaye, rabin shagon ya koma wurin sayar da rigunan waya. Mai hoton ya dube mu da shuɗin ankonmu ya yi murmushi, ya ce, "Mama, kun tuna mana da bara." Ya jawo kujerar ya kakkaɓe ta, ya zaunar da ni, ya kunna fitilar.

"To, 'yan mata, zagayo ta baya ki rungume Mama."

Ta zagayo. Ina jin tsayuwarta a bayana, ina jin numfashinta, amma hannun bai sauko ba. Yarinyar da na gani a hoto ta maƙale wuyan wata tana dariya, ga ta a bayana ta ƙame kamar an kira ta gaban hedimasta.

"Ki sa hannu mana. Ba mamarki ba ce?"

Ta ɗora yatsu biyu a kafaɗata, kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta huce.

"Mama, ke kuma ki juyo ki kalle ta, ki kira sunanta, ki ce wani abu ta yi dariya."

Na buɗe baki. Sunan yana nan, ni na zaɓe shi ma a ɓoye na gaya wa Malam tun tana ciki. Ya zo har bakin haƙorana ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Ke, ɗankwalinki ya karkace."

Ta ce, "Naki ma, Yaya."

Mai hoton ya gaji ya ce to mu kalli gaba kawai. Ya ɗauka ya ɗauka, ya juyo mana da na'urar mu zaɓa. Duk ɗaya suke. Mata biyu cikin shuɗi, ba mai dariya, kowace ta ɗan kawar da kai gefe. Ya ce ko a sake. Babbar ta ce a'a, a wanke wannan, ƙarami, guda biyu.

Maman 'yan biyu ta karɓa ta duba ta ce, "Ɗinkin dai ya yi. Amma ku biyun nan kamar an kai ku ofishin 'yan sanda." Ba ta nemi ta rataya shi ba, ni ma ban yi tayi ba. Na ga babbar ta sa nata a tsakiyar akwati, cikin ninkin hijabi. Fuskar wayarta kuwa ba ta canja ba, na duba. Na so in tambaya, na fasa.

Ranar tafiya Malam da Maman 'yan biyu ne suka raka ta tasha. Ni a ƙofar gida na tsaya, na ce Allah ya tsare, ta riƙe sallah, ta kula da abin da za ta ci. Ta ce amin. Ina kallo matar nan ta riƙe mata hannu har suka sha kwana, ita ce da kuka, ita ce da jan akwati.

Sai washegari da la'asar wayata ta yi ƙara. Babbar ce.

"Yaya, mun sauka lafiya."

"Alhamdu lillahi. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Da sauro?"

"Akwai, amma na ɗaura gidan sauron."

Ina jin hayaniyar mutane a bayanta. Na ce ta gaya wa babanta? Ta ce a'a, yanzu ta samu caji, ni ta fara kira. Sannan ta ce, "Mami tana kusa?"

Maman 'yan biyu tana da wayarta, har biyu ma. Na sa takalmi na tsallaka tsakar gida na miƙa mata. Ta karɓa ta ƙwala sunan yarinyar, suka shiga labari: motar da ta lalace a hanya, wata da ta yi amai, irin miyar da aka ba su mai yauƙi da ba a san kanta ba. Duk abin da ban samu ba a nawa kiran, ga shi yana fitowa ina ji daga gefe. Ta nuna min kujera da hannu, na ce a'a. Na tsaya a bakin ƙofarta, tuwona yana kan wuta, har suka gama ta miƙo min wayata da ɗumin kunnenta a jiki.